Babur mai shan dizal, da abin da kyamarar talabijin ba ta iya nunawa

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama gaban American Chopper ya san yadda shirin ke tafiya. Wani kamfani zai zo ya ce a ƙera masa babur na musamman, a sa ranar da za a kai, Paul Jr. ya zana, Rick Petko ya hau bugun ƙarfe yana fitar da tanki, sai can baban, Paul Teutul Sr., ya shigo yana faɗa wai gareji ya yi datti kuma aiki ba ya sauri, a yi ta cacar baki har a kai ga jifa da kujera, ƙarshe dai babur ya fito yana walƙiya mutane su yi tafi. Tun 2003 tashar talabijin ta Discovery ta fara nuna shi a matsayin shiri mai dogon zango, garejinsu Orange County Choppers kuma a jihar New York yake a lokacin, ba California ba kamar yadda da yawa ke zato saboda sunan. Ni ina cikin waɗanda shirin ya sa wa son walda da aikin ƙarfe, kuma har yau ina ganin girmansa kan wannan. Amma da na fara bibiyar masu ɗora injin dizal a kan babur sai na ga akwai wani irin aikin hannu da ya fi wancan zurfi nesa ba kusa ba, kuma shi ne wanda da wuya ka gan shi a talabijin.

Bari in fara da injin, don a nan maganar take. Injin fetur fulogi ne ke tada wuta a cikinsa. Na dizal ba ruwansa da fulogi, iska kawai fistin ke matsewa har ta ɗau zafi sosai, sai nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. To wannan matsin fa ba wasa ba ne, ana matse iskar kamar sau 16 zuwa 22, alhali na fetur yawanci bai wuce 9 zuwa 12 ba, shi ya sa dole komai na injin ya yi kauri, bulok ɗin, fistin ɗin, karanshaf ɗin, duka. Kauri kuma nauyi ne. A tirela ko tarakta wa ya damu da ƙarin kilo 30? Amma a babur, inda ƙafarka ce ke tare shi in ka tsaya, kowane kilo sai ka ji shi a jikinka.

Sai maganar juyi. Ƙananan injinan dizal da masu wannan sana'a suka fi samu, irin na Hatz da Yanmar da Kubota da Lombardini, asalinsu na janareta ne da famfon ruwa da ƙananan injinan gona, yawancinsu juyi 3,600 a minti shi ne ƙurewarsu, alhali babur ɗin tsere na fetur yana haura 10,000 cikin sauƙi. Ma'ana in ka ɗauko injin nan ka haɗa da giyar babur yadda take, za ka ji ƙarfin ja kamar zai tumɓuke bango amma gudu babu, kafin ka ankara ka ƙure giyar ƙarshe kana tafiyar keke. Dole a zauna a yi lissafin haƙoran sufuroket, wato faifan da sarƙa ke bi, na gaba a ƙara, na baya a rage, a gwada a titi, a dawo a sake. Kuma injin janareta an yi shi ne ya tsaya a juyi ɗaya yini guda, akwai wata na'ura a cikinsa da ake kira gwamna da ke riƙe shi a nan, shi kuwa babur ana so ya amsa hannu nan take, ka murɗa ya tashi ka saki ya sauka, to gyara wannan kaɗai yana iya cin makonni.

Abin da ya fi ba su wahala dai shi ne girgiza. Injin dizal mai silinda ɗaya in yana aiki, duk bugu ɗaya sai ya ratsa firam ɗin gaba ɗaya. Madubi ya riƙa rawa har ba ka ganin komai a ciki, noti ya kwance da kansa, wayar fitila ta tsinke, kunnen da aka yi wa walda don riƙe salansa ya tsage daidai bakin waldar. Mai ƙera shi zai sa roba tsakanin inji da firam, to in robar ta yi taushi da yawa sai inji ya riƙa motsi sarƙa ta kauce daga layinta, in ta yi tauri kuma girgizar na nan yadda take. Ga tanki ma sai an taɓa shi, saboda dizal yana buƙatar bututun da ragowar mai ke komawa, kuma in iska ta shiga layin man, sai ka tsugunna ka sassauta noti a wajen nozul kana juya inji har kumfa ta daina fita, mai zalla ya fara tsartuwa, sannan ka ɗaure. Tada shi da ƙafa kuwa sai ka ja ɗan hannun nan da ke sakin matsi, ka juya inji ya ɗau gudu, sannan ka sake shi, in ba haka ba kik ɗin ko motsi ba zai yi ba.

Yanzu ku gaya min, wanne daga cikin waɗannan ne zai yi daɗin kallo a shirin awa ɗaya? Mutum na zaune da takarda yana ƙirga haƙoran sufuroket. Mutum ya fita gwaji ya dawo ya canza roba huɗu. Babu. Ita kyamara tartsatsin walda take so, da fenti mai sheƙi, da agogo yana gudu, da uba da ɗa suna musayar yawu. Kuma gaskiyar da masu kallo da yawa ba su lura da ita ba, yawancin baburan irin waɗannan shirye-shirye ba a garejin ake ƙera injinsu ba, sayo shi ake yi a kammale daga kamfanoni irin su S&S, injin fetur mai silinda biyu irin fasalin na Harley-Davidson, haka giya, sau da yawa har da firam, fenti ma wani gwani ake kai wa a waje. Aikin garejin shi ne tanki da madgad da kan babur da kwalliya. Ban raina wannan ba ko kaɗan, wanda ya ga yadda ake ɗaukar falle ɗaya na ƙarfe a yi ta bugu ana lanƙwasawa har ya zama tanki mai santsi ya san baiwa ce. Sai dai matsalar inji an riga an warware musu ita tun kafin a kunna kyamara. Mai dizal shi kuwa daga nan nasa aikin yake farawa.

Wani abu da ke burge ni, tsarin da ya sauƙaƙa wa masu chopper, wato baburan nan na ƙirar musamman masu dogon wuya, shi ne ya buɗe wa masu dizal ƙofa. A tsofaffin Royal Enfield Bullet da manyan Harley, inji daban yake, akwatin giya daban, sarƙa ko bel ne ke haɗa su. Don haka kana iya cire injin fetur ka bar giya da kuloci a wurinsu, ka ɗora wani. Yawancin baburan Japan kuwa inji da giya a gida ɗaya suke, in ka cire ɗaya ka cire duka. Shi ya sa in ka duba hotunan taron masu baburan dizal da ake yi a Hamm ta ƙasar Jamus za ka ga Enfield ta cika wurin.

Kuma kar a ɗauka duk aikin 'yan gareji ne. A Indiya, Enfield da kanta ta fitar da na dizal a 1993, wanda aka fi sani da Taurus, inji cc 325 mai ƙarfin doki 6.5 kacal, gudunsa bai wuce kilomita 65 a awa ba, amma lita ɗaya tana kai mutum sama da kilomita 70. Manoma sun so shi sosai. Dokokin hayaƙi ne suka kashe shi wajen shekarar 2000. A Jamus akwai Sommer, ƙaramin kamfani da ya riƙa ɗora injin Hatz cc 462 mai doki 11 a kan babur mai fasalin na da. A Holand an yi Track T-800CDI da injin motar Smart mai silinda uku, cc 800, ba ya buƙatar canjin giya da ƙafa, sai dai kaɗan aka ƙera aka daina.

Guda biyu ne dai nake ganin sun fi cancanta a yi musu dogon shiri. Na farko na sojan Amurka ne. Rundunonin NATO sun tsara cewa mai iri ɗaya za a riƙa kaiwa fagen daga, wanda jirgi da tankar yaƙi da babbar mota duk za su sha, wato JP-8, don kar a yi ta jigilar fetur daban saboda 'yan babura kawai, ga shi fetur ya fi saurin kama wuta. Sai kamfanin Hayes Diversified Technologies na California, tare da masana daga jami'ar Cranfield ta Ingila, suka ɗauki Kawasaki KLR650 suka yi masa injin dizal cc 584 wanda aka tsara shi don babur tun daga tushe, ba na janareta aka aro ba. M1030M1 ake ce masa, sojojin kundumbala na ruwan Amurka ne suka yi amfani da shi, yana shan dizal yana shan man jirgi, kuma a gudun kilomita 90 yana yin kusan kilomita 40 a lita ɗaya. Wannan shekaru aka ɗauka ana yinsa, don samun injin dizal ƙarami mara nauyi da zai yi juyi mai yawa shi ne ainihin ƙashin bayan matsalar.

Na biyu Neander ne daga Kiel a Jamus, kuma wallahi dabararsu ta girgiza tana ba ni sha'awa. Maimakon karanshaf ɗaya sai suka sa biyu suna juyawa a kishiyar juna, kowane fistin da sanda biyu, ɗaya ta kama wannan ɗaya ta kama wancan, sai bugun wannan ya kashe na wancan, fistin kuma ya daina gogar gefen silinda da ƙarfi. Injin na da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana ba da doki sama da 100. Baburan ba su yi kasuwa ba saboda tsada, amma dabarar ba ta mutu ba, ta koma injin kwale-kwale, inda aka shiga sayar da ita.

In za a yi adalci, akwai shirin da ya kusanci abin da nake so. Biker Build-Off, shi ma na Discovery, magina biyu ake haɗawa, a ba su kwanaki ƙalilan, a yawancin zangon kwana 10, sannan dole kowa ya hau abin da ya ƙera ya yi doguwar tafiya zuwa wurin baje koli inda jama'a za su zaɓi gwani. Wannan tafiyar ita ce komai a wurina, saboda a nan mai ke yoyo, a nan walda ke tsagewa, ka ga babban suna a gefen titi da sifana a hannu. A shirin ne duniya ta san Indian Larry na New York, mutumin da ya fi son a bar kayan inji a fili kowa ya ga yadda suke aiki, ga tada babur da ƙafa, ba ruwansa da rufe komai da ƙarfen ado. Ya rasu a watan Agusta 2004 bayan ya faɗo daga kan babur a Concord ta jihar North Carolina yana wasan tsayuwa a kan sirdi. Irin tunaninsa shi ne mafi kusa da na masu dizal, duk da shi da fetur ya yi aiki.

Shi kuwa American Chopper, rigimar gidan ce ta zo ta rinjayi baburan. An kori Paul Jr. daga garejin, ya buɗe nasa, Paul Jr. Designs, har aka je kotu, daga 2010 kuma sunan shirin ma ya koma Senior vs. Junior. Abin ya taɓa ni gaskiya, uba da ɗa ne fa, kuma duka biyun suna da basira. A daidai lokacin ne karayar tattalin arziki ta 2008 ta durƙusar da kasuwar chopper gaba ɗaya, kamfanin American IronHorse ya karye, na Big Dog ya rufe a 2011, Jesse James na shirin Monster Garage ma ya rufe West Coast Choppers ɗinsa na Long Beach a 2010. Babur mai dogon wuya da ƙatuwar taya a baya, wanda shan kwana da shi aiki ne, ya zama abin da mutane ba su da rarar kuɗin saya.

Ba wai ina cewa dizal ne zai maye gurbinsa ba. Ba zai yi ba, manyan kamfanoni sun duba sun ga nauyi da tsada da dokokin hayaƙi, na'urorin tace hayaƙin dizal na zamani ma ba su da wurin zama a jikin babur, yanzu kuma hankali ya koma kan lantarki, Orange County Choppers da kansu sun ƙera wa Siemens mai batir tun 2009. Masu dizal za su ci gaba da zama 'yan tsiraru. Amma da ni ke da kyamara da kuɗin shiri, ɗaya daga cikinsu zan bi, tun daga ranar da ya sauke injin daga jikin tsohon famfon ruwa, in bar shi ya ɗau wata shida in wata shida aikin ke so, ba agogo ba ihu, a nuna lissafin giyar a kan allo yadda mai kallo zai gane dalilin kowane haƙori, a nuna kunnen salansar da ya tsage da yadda aka sake masa wuri, sannan a cika tanki a bi shi a mota a ga kilomita nawa zai yi kafin ya nemi mai.