Faranti ɗaya, tsiro iri biyu

Kawuna mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas ya gama shan maganin tarin fuka na wata 6 tun bara waccan. Gwaji ya ce ya warke, amma tarin bai sake shi ba. Kullum da asuba sai ya tofar da kaki kore-kore mai yawa. Likita ya ce cutar ta bar masa tabo, hanyoyin iska na huhunsa sun buɗe sun saki, majina tana kwanciya a ciki kamar ruwan kwata a Agege da damina. Irin wannan wuri ne ƙwayoyin cutar da ba su iya taɓa lafiyayyen huhu suke samun gindin zama.

Ni aikina ke nan, shuka kaki da fitsari a faranti a ɗakin gwaje-gwaje don a ga ƙwayar cutar da za ta tsiro. Na Kawu dai abokiyar aikina na bar wa, hannuna ba zai tsaya ba. Bayan kwana biyu ta ce in zo in gani. Ƙwayar cutar da ake kira Pseudomonas aeruginosa ce, ba sai an faɗa ba: ga launin nan kore mai ratsin shuɗi, ga ƙanshin da malamanmu suka ce na inabi ne, ko da yake ni hancina bai taɓa yarda ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne tsiro iri biyu a faranti guda. Ɗaya busasshe, a shimfiɗe. Ɗayan yana ƙyalli, yana yauƙi kamar miyar kuɓewa. Sunansu ɗaya, daga ƙirji ɗaya suka fito, amma maganin ciprofloxacin ya hana busasshen tsirowa, mai yauƙin kuwa ko a jikinsa.

Yauƙin nan alamar daɗewa ce. Idan ƙwayar ta shekara a huhu, sau da yawa wani sashe na gadon halittarta (DNA) da ake kira mucA yakan lalace, sai ta dinga fitar da wani abu mai danƙo, alginate, ta lulluɓe kanta, garkuwar jiki ta kasa cim mata. Wasu har jelar da suke iyo da ita sukan yar, tunda sun daina yawo. A huhu ɗaya sai ka tarar da 'yan gida ɗaya sun rarrabu, kowa da halinsa.

Nau'in wannan ƙwayar da aka fi nazari a duniya, PAO1, ba ma daga huhu aka samo shi ba, daga wani rauni ne a Melbourne ta Ostireliya a shekarun 1950. A 2000 aka karanta gadonsa gaba ɗaya, haruffa kusan miliyan 6.3. Yawancin abin da aka sani kan zaman ƙwayar a huhu kuma daga masu cystic fibrosis na Turai da Amurka ne, cutar gado mai cika huhu da majina mai kauri, wadda ba kasafai muke ganinta a nan ba. Namu majinyatan irin su Kawu ne, waɗanda tarin fuka ya bar wa kufai. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar Juma'a Kawu ya zo da takardar gwajin wani maƙwabcinsa a rumfa.

"Ɗan nan, duba, ai sunan ƙwayar ɗaya ne da tawa. Shi allurar da aka yi masa ta yi aiki. Rubuta mini in aika kemis."

"Kawu, ka yi haƙuri, kama da wane ba ta wane. Taka ma kanta kashi biyu ce."

Bai ji daɗi ba. Ya ce boko ya sa na fara yi wa manya musu. Don in sanyaya zancen na ba shi labarin Burkholderia cepacia, wata ƙwayar cuta da aka fara ganowa a ruɓaɓɓiyar albasa a 1950 kafin a san tana kama huhun marasa lafiya. Ya ce to in bar albasarsa ta huta.

Likita ya nemi a sake karɓar kaki kafin ya sauya magani. Ranar Litinin zan bi ta Ketu in ɗauko shi bayan sallar asuba, kafin hanya ta cushe.