Abin da shel ya riƙe a kansa, fayil bai sani ba

Shagon buga takardu da nake aiki yana Bukoki, a nan Yamai. Katin aure, takardar neman aiki, kundin ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da ke haye gada daga Harobanda su kawo mana, duk a kwamfuta ɗaya suke zaune, wata tsohuwa da Alhaji ya sayo hannu na biyu muka sa mata Ubuntu. Wuta kuwa, idan zafin Afrilu ya kankama, ba ta sallama kafin ta tafi. Shi ya sa na ƙudura in rubuta ɗan skirif, wato fayil mai jerin umarni, na Bash, shel ɗin da ke karɓar umarni a rubuce ya aiwatar, da zai kwafe ayyukanmu zuwa diskin waje kowace yamma.

Da nano, wani ƙaramin editan rubutu, na fara. In rubuta, in adana, in fita, in gwada, ya ƙi, in koma. Wanda bai taɓa rubuta umarnin shel a klabiyen Faransanci ba, ba zai san wahalar ba: alamar | sai da AltGr da 6, ~ sai da AltGr da 2, lambobi ma sai ka danne Shift. Wani yayana da ke aikin sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, ya tarar da ni a haka, ya tsaya a bayana har ya ƙosa.

"Kai ƙanena, wannan ai jidon ruwa ne da kwando. Matsa."

Ya sauke Emacs, wannan tsohon edita na GNU da Richard Stallman ya fitar tun 1985. Da ya buɗe fayil ɗina, editan ya gane da kansa skirif ne saboda ƙarshen sunan .sh. Ya danna C-c C-z, wato Ctrl da c sannan Ctrl da z, allon ya rabe biyu: rubutuna a sama, shel mai rai a ƙasa. Ya ɗora alama kan layin farko ya danna C-c C-n. Layin ya sauka ƙasa, ya yi aiki, amsa ta fito, alamar ta gangara layi na gaba tana jira. Idan ka zaɓi layi biyar, biyar ɗin za su tafi tare.

"Yaya, shi ke nan?"

"Shi ke nan. Amma ka riƙa gudanar da shi gaba ɗaya ma, da C-c C-x."

Maganarsa ta ƙarshe ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan. Daɗin abin ya ɗauke ni. Kamar mai miya da ke ɗanɗanawa bayan kowane gishiri, haka nake tura layi in ga abin da ya haifar kafin in rubuta na gaba. Aikin da ya ci mini kwana uku, na gama shi tsakanin la'asar da magariba. Na ma koyi wani abu da wuri: kada ka tura set -e ko exit cikin shel ɗin ƙasa, don exit nan take zai rufe maka shi ɗungum, set -e kuma a kuskuren farko.

Ga inda na yi tuntuɓe. Hanyar diskin waje doguwa ce, ta fara da /media. Don kada in ta maimaita ta, na ba ta laƙabi, WURI. Sai dai a tagar ƙasa na buga WURI= da hanyar, da hannuna, lokacin gwaji. Ban taɓa rubuta shi a fayil ba. Layin kwafin ya ce rsync -a ~/ayyuka/ "$WURI/ajiya/", kuma duk sanda na tura shi sai ya yi aiki sumul, domin shel ɗin ƙasa yana riƙe da laƙabin a kansa. Na miƙa skirif ɗin ga cron, mai gudanar da aiki da kansa a lokacin da aka sa masa, da 0 19 * * *, ƙarfe 7 na yamma kullum, na ce wa Alhaji ya kwantar da hankalinsa.

Cron kuwa sabon shel yake buɗewa, wanda bai san hirar da muka yi ba. A wurinsa WURI fanko ne, kuma Bash ba ya ƙorafi kan fanko, shiru yake yi ya wuce. Hanyar ta koma /ajiya/, can gindin tsarin kwamfutar, inda ba ni da izinin rubutu. Kowace yamma rsync ya ƙi, ya faɗi dalili, amma cron ta imel yake aika irin wannan saƙo, mu kuma ba mu saita imel a kwamfutar ba. Kusan sati uku yana magana ba mai ji.

Ranar da asiri ya tonu, yaron shago ne ya goge babban fayil ɗin wata ɗaliba yana share tarkace. Ta zo da safe, saura kwana biyu ta miƙa kundinta. Na ce, "Hajiya, kada ki damu, akwai ajiya." Na jona diskin da fara'ata. Abin da ke ciki na ranar gwaji ne, babu gyaran da malaminta ya sa ta yi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zaro kwafin takarda mai jan biro daga jakarta ta ajiye a tebur. Ni da yaron muka kwana muna mayar da gyaran shafi bayan shafi, fanka na tsayawa tana tashi. Alhaji bai ce komai ba sai, "To, malamin kwamfuta."

Da na kira yayana, tambaya ɗaya ya yi: "Ka gudanar da shi gaba ɗaya?" Da na danna C-c C-x ko sau ɗaya, da an buɗe sabon shel marar laƙabin, da na ga kuskuren ƙuru-ƙuru a ranar.

Ban bar tura layi-layi ba, har gobe shi ne hanyata. Abin da ya sauya shi ne hannuna ba ya ƙara shiga tagar ƙasa sai don dubawa, ls ko echo. Duk abin da zai sauya hali, laƙabi ne ko cd, a sama nake rubuta shi in tura. A kan kowane skirif akwai set -u, wanda ke tsayar da aiki idan an kira laƙabin da ba a raɗa ba. Kafin in miƙa wa cron, ina gwadawa da env -i, wanda ke tuɓe wa skirif duk abin da zai gada daga zamana. Ina kuma rubuta #!/bin/bash a layin farko, don a Ubuntu sh, shel ɗin da cron ke buɗewa, ba Bash ba ne, wani shel ne mai suna dash tun 2006, kuma akwai abin da ɗaya ke ji ɗaya ba ya ji.

Wani abin haushi: na sauke ShellCheck, mai duba kurakuran skirif, na ba shi tsohon fayil ɗin don in ga ko da ya cece ni. Bai ce uffan kan WURI ba. Ashe sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe zalla, ɗauka yake daga waje za a kawo shi. Da na mayar da shi wuri, da ƙananan baƙaƙe, nan take ya yi kuka. Tun ranar laƙubbana ƙanana ne.

Yanzu skirif ɗin yana fara tambayar mountpoint -q ko diskin na jone, kuma ƙarshen layin cron akwai >> rahoto.txt 2>&1, don duk abin da rsync ya faɗa ya sauka inda zan gani. Da safe, kafin mai shayi ya miƙo kofina, rahoton nake fara buɗewa. Ranar Juma'a kuma yaron shago ne ke zaɓar fayil ɗaya daga diskin, ya buɗe shi a gaban Alhaji.