Kafin ka ce a yi mata fomate, kawo ta in duba

Da wuya sati ya wuce wani bai shigo shagona nan Tawa da kwamfuta a hammata ba, ya dire ta bisa tebur ya ce, "Malam, a yi mata fomate." Fomate shi ne a share duk abin da ke cikinta a sake sa mata Windows. In na tambaye shi abin da take yi, amsar kusan ɗaya ce: nauyi. Wani mushe, wato malamin makaranta, ya taɓa ce mini in ya kunna tasa da safe, sai ya ɗora shayi, ya sha na fari, sannan take gama tashi. Ƙanensa ne ya aiko masa da ita daga Abijan, tana da kyau, ba ta ko goge ba, amma ya riga ya yanke mata hukuncin tsufa.

Ba tsufa ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin ana labta wa raƙumi kaya ya san ana yi ne yana durƙushe, in kuma aka wuce ƙima sai ya yi ta kuka ya kasa miƙewa. Haka kwamfuta take. Manhajoji da yawa, ranar da aka sa su, sukan rubuta sunansu cikin jerin waɗanda za su tashi tare da Windows, ba tare da mai ita ya lura ba. Na hira, na sauke fim, na kiɗa, na firintar da aka sayar tun bara, kowace tana son ta riga ƴar'uwarta tashi, duk suna jan faifai ɗaya da ram ɗaya (wurin da na'ura ke riƙe abin da take aiki a kai) a lokaci guda. Aikina shi ne in san wane kaya zan sauke, wane zan bari. Faɗinsa da sauƙi, amma na yi shekaru kafin hannuna ya faɗa.

A Yamai na koyi sana'ar, a wata sibar, zamanin da Windows XP ke ko'ina. Shara da goge ƙura na fara yi. Maigidana mutum ne marar yawan magana, in yana gyara sai dai ka tsaya bayansa ka buɗe ido. A wurinsa na fara ganin an rubuta msconfig, wani allo ya buɗe da sunaye jere, kowane da ƴar alama a gefensa. Ya cire alamar wasu, ya sake kunna na'urar, ta tashi kamar an canza ta. Daren nan ban yi barcin kirki ba don murna, ina ganin na gano sirrin sana'a. Washegari da ya fita sallar azahar na samu kwamfutar wani mai shagon magani, na cire alamar komai, ban bar ko ɗaya ba. Ta tashi da sauri kam, sai dai har mai tsaron birus na kashe, kuma manhajar da ke haɗa ta da firinta ta daina fitowa. Da maigida ya dawo bai yi mini tsawa ba. Ya ba ni takarda da biro ya ce, "Yaro, rubuta sunan kowane, ka nemo mini aikinsa. Wanda ba ka san aikinsa ba, hannunka bai da hurumi a kansa." Kwana uku na yi a kan wannan takarda. Har yau haka nake koya wa yaran shagona, kuma ba na barin sabon yaro ya kashe komai sai ya faɗa mini da bakinsa abin da yake yi.

Yanzu abin ya fi sauƙin gani. Tun Windows 8, wadda ta fito a 2012, an mayar da jerin cikin mai kula da ayyuka, wanda a na'urorinmu masu Faransanci aka rubuta Gestionnaire des tâches. Ka danna Ctrl da Maj da Échap tare, ka shiga sashen Démarrage, za ka ga kowace manhaja da nauyin da take ɗora wa tashi. Windows da kanta ke awon: wadda ta ci fiye da daƙiƙa 1 na aikin ƙwaƙwalwar na'ura, ko ta ja fiye da megabait 3 daga faifai, ita ce mai nauyi sosai. Kashe ta a nan ba goge ta ba ne, tana nan daram, ranar da kake son ta sai ka buɗe ta da hannunka. Wannan nakan maimaita wa mutane sau biyu, don da yawa suna tsoron za su rasa abinsu.

Abin da ba na taɓawa shi ne mai tsaron birus, da na sauti, da na wurin shafa yatsa, da duk abin da ke kwafe takardun mutum zuwa intanet in har yana amfani da shi. Shi ya sa nake zaunar da mai kwamfuta in yi masa tambayoyi kafin in danna komai. Sakatariyar da ke buga takardu tun safe har yamma, ba zan kashe mata abin firinta ba. Ɗalibin jami'a da bai taɓa mallakar firinta ba, me zai yi da shi? Na'ura iri ɗaya, amma gyaran kowa daban.

Kuma wannan jerin ba shi ne duka ba, nan ne ake gane wanda ya koya da wanda ya gani kawai. Akwai jakar da ake shiga in an rubuta shell:startup, akwai layukan da ke cikin rajistar Windows, inda take ajiye saitinta, akwai ayyukan da aka tsara su tashi a ɓoye. Don waɗannan nake amfani da Autoruns, ƙaramar manhaja ta kyauta daga Sysinternals, wadda Mark Russinovich na cikin waɗanda suka rubuta ta, Microsoft kuma ta sayi kamfanin a 2006. Ita ke tona mini birus ɗin nan na kile, wato ɗan abin USB da ake ɗaukar takardu a ciki, mai ɓoye takardun mutum ya bar alamunsu kawai, wanda ke yawo daga shagon buga takardu zuwa ofis zuwa gida. Yakan ɓoye kansa cikin masu tashi da farko, shi ya sa ko an share kile sau goma sai ya dawo.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu gyaran gefen hanya da ba su san magani ba sai fomate. Ciwon kai fomate, ciwon ciki fomate. Su share hotunan auren mutum da lissafin shagonsa ba su kwafe ba, sannan su zuba masa manhaja ashirin daga kile ɗaya, har da masu tsaron birus biyu da za su yi ta kokawa da juna, rabinsu kuma suna tashi tare da na'urar. Bayan wata guda nauyin ya dawo, sai a kawo mini. Wata hajiya mai sayar da atamfa ta zo nan tana hawaye, littafin bashinta na shekara biyu ya tafi a irin wannan gyara. Na samo mata wani sashe, sauran ya riga ya salwanta. Da an duba jerin nan tun farko, da ko takarda ɗaya ba ta ɓata ba.

Sai kuma ciniki. In na kwance na'ura na canza wani ƙarfe, ba mai musu da kuɗina. Amma in na zauna rabin awa na sauke mata kaya ta tashi garau, sai ka ji, "Haba Malam, ai danne-danne kawai ka yi, jika guda ba ta isa ba?" Nakan ce, "Alhaji, danna ɗin kyauta ne, sanin wurin dannawa kake biya." Wasu su yi dariya su cika, wasu sai mun kai ruwa rana.

Ba kuma kowane nauyi ne wannan ke warkarwa ba, ba na ɓoye wa kowa. In tsohon faifai mai juyawa ne ya gaji, musamman wanda yawan ɗauke kuran ya jigata, sai an sa SSD, wato faifai marar juyawa, nan ne ake ganin bambanci na gaske. In ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, ga zafin watan Afrilu a kai, na'urar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, maganinta buɗewa da sharewa. Masu Windows 10 kuma ina sanar da su cewa tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum, mu duba tare ko na'urarsu za ta ɗauki Windows 11.

Kwamfutar mushen nan, manhaja tara na kashe mata, na bar huɗu. Na sa shi ya danna Redémarrer da hannunsa, don kashewa ta yau da kullum ba ta sauke komai gaba ɗaya, sake kunnawa ce ke nuna gaskiyar gyara. Ta tashi kafin ya gama mayar da wayarsa aljihu. Bayan sati biyu ya dawo da ta darektan makarantarsu, da ta wata malama. Shagon na buɗe kullum ban da Juma'a da rana, ba nisa da babbar kasuwa. In za ka zo, ka taho da cajarka.