Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Dashe Haihuwa Ne

Assalamu alaikum. Makon jiya na yi alkawarin shiga zancen komawarmu gidan Inna, to ku yi mini afuwa, sai wani makon. Hotunan bikin dashen itatuwa na bana na gani a waya, sai maganar Baffa ta dawo mini ta hana ni barci. Kun san shi malamin daji ne tun zamanin En'e, kuma abin da ba ya gajiya da faɗa shi ne, "Dashe haihuwa ne, raino shi ne aiki." Na yi shekara talatin da 'yan kai a aikin gandun daji, ban ga abin da ya ƙaryata shi ba.

Tun cikin sanyi ake fara aikin, a lambun reno. Ƙasar cika leda kashi biyu ce ta sama, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya takin shanu da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A huda ledar ta ƙasa, in ba haka ba ruwa ya kwanta, tsiron ya ruɓe daga gindi ya kife cikin kwana biyu. Ana jera leda a kwanciya mai faɗin mita 1, don hannu ya kai tsakiya ta kowane gefe, tsawo mita 10, ta ɗauki leda kusan 1,000. Da bazara kwanciya ɗaya takan sha kusan durom guda a rana, rabi da safe rabi da yamma. Wanda bai lissafa wannan ruwan ba kafin ya zaɓi wurin lambu, a watan Afrilu zai gane kuskurensa, lokacin da rijiya ta ja baya.

Kowane iri da halinsa. Irin dogon yaro ba ya ajiyuwa, a wanke naman jikinsa a shuka da wuri, in ya yi 'yan makonni a buhu ya mutu. Na sha ganin an sayo buhunan irin da ya kwana biyu, a shuka, a yi ta ban ruwa, a ƙarshe a ɗora wa leburori laifi. Bagaruwa da gawo da ƙirya ɓawonsu tauri gare shi: a tafasa ruwa, a sauke, a zuba a kan irin, a bar shi ya kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefensa da magagari. Baffa shi garken awaki yake zuwa ya tsinto irin gawo daga cikin kashinsu, cikin akuya ya riga ya yi masa aikin. Irin itacen turare kuwa kamar ƙura yake, sai an gauraya shi da yashi an barbaɗa a inuwa, in ya fitar da ganye huɗu a cire da tsinke a mayar cikin leda.

Abu biyu ne masu gaggawa suke tsallakewa. Na farko ɗaga leda duk bayan mako biyu a datse saiwar da ta ɓullo. Gawo musamman, kafin ka ankara ya soka saiwa cikin ƙasa, ranar ɗauka a fizge ta, dashen ya yi yaushi tun a mota. Na biyun horo: saura mako uku ko huɗu a dasa, a yaye rumfa, a rage ruwa, itacen ya saba da rana tun yana gida.

Ba kalanda ke sa ranar dashe ba, ƙasa ce. A haƙa a ga laima ta kai kamu guda, yawanci cikin Yuli a wajenmu. Abin da aka dasa bayan tsakiyar Agusta bai samu ruwan da zai kafa saiwa ba kafin iska ta juya. Rami santimita 30 zuwa 40 ta kowace fuska. Tazarar mita 3 da 3 tana cin dashe 1,111 a hekta, ta mita 4 da 4 tana cin 625. A yanke gindin leda, a tsaga ta, a cire ta gaba ɗaya. Na tone matattun itatuwa masu shekara biyu na tarar da su cikin ledarsu, saiwa ta nannaɗe kamar gammo. A danne ƙasa da ƙafa, a bar ɗan kwari a gindi ya tare ruwa, bayan mako biyu a zagayo a cike gurbin waɗanda suka mutu. In shingen tare iska ake yi, a gitta shi a gaban iskar hunturu mai tasowa daga arewa maso gabas. Kariyarsa tana kai kusan ninki goma na tsayinsa. Amma a gaya wa mai gonar da ke maƙwabtaka gaskiya: saiwar turare tana shan ruwan geronsa, sai an ja rami tsakaninsu an datse ta. Inda aka ɓoye masa, shi zai datse itacen da kansa da dare.

Duk wannan haihuwa ce, in ji Baffa. Raino yana farawa ranar da ruwa ya ɗauke.

Wuta ita ce ta fi ci mini rai, har yau. A ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ake share hanyar wuta kewaye da dashe, faɗin mita 5 zuwa 10, a kankare har ƙasa da fartanya, a janye ciyawar nesa. Inda gamba ta yi tsawo a ƙara faɗi, don harshen wuta yana tsallake siririyar hanya in akwai iska. Sannan a yi ƙunar fari a wajen hanyar, tun ciyawa tana da sauran ɗanye, da yamma lis ko da asuba kan raɓa, mutane na biye da ɗanyun rassa suna bugewa. Irin wannan wutar rarrafe take yi, ta cinye ciyawa ta bar itace. Wadda ta tashi a Fabrairu ko Maris, daga mai farautar gafiya ko mai cire zuma, ita ce mai hawa sama ta kashe har manya. Kuɗin wannan aiki bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da dashen ya ci ba a wurin da na yi aiki, amma wata shekara bayan farin 1984 na rubuta neman su tun Satumba, suka iso bayan wuta ta gama da dashe mai shekara uku. Wanda ya danne takardar yana raye, ya san kansa, ba zan kama suna ba. Ban yafe ranar da ya tambaye ni me ya sa ban kula ba.

A gandun namun daji ma haka abin yake. Yankari, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, ta koma hannun tarayya a 1991 ta dawo wa Bauchi a 2006, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200. Da rani giwaye da ɓauna da gwanki suna tattaruwa ne a kogin Gaji. Daji mai wannan girma ba a share shi da fartanya, ƙunar fari ce ke yanka shi gida-gida, ta fito da sabon toho, ta kuma buɗe wa masu sintiri ido su ga sawun mafarauci. In ma'aikaci bai sa tasa wutar a kan lokaci ba, wani zai sa masa a lokacin da ya ga dama.

Na tsallake awaki, ga shi su ne abokan gaba na kullum. Shekara uku cur dashe yake buƙatar shingen ƙaya ko mai gadi, har kansa ya wuce bakin akuya. Mai gadin kuma ɗan ƙauyen ya kamata ya zama, da sanin dagaci. A zamanin Baffa kowane gandu yana da takardarsa da ta faɗi haƙƙin mutanen gari: busasshen itacen girki, 'ya'yan ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, saiwar magani, burtalin shanu. Shi yakan bi iyaka da ƙafa kowace shekara, turken siminti bayan turke, ya kuma karanta wa jama'a haƙƙinsu a ƙofar dagaci. Itacen da aka ba da izinin sarewa sai ya buga masa gudumar hatimi a kututture. Bayan sauyin ƙananan hukumomi na 1976 wannan zagayen ya yi ta raguwa, turaku suka ɓace, gona ta shigo taku-taku, burtali ya toshe, rigimar manoma da makiyaya da kuke ji yanzu wani sashenta daga nan ya faro.

Da Baffa ya ga abin da manoman Maradi suka yi daga shekarun 1980, da ya yi murna. Su ba leda ba lambu. Sassabin zamani suke ce masa: kututturen kalgo ko sabara ko gawo da ya toho a gona, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran, a riƙa gyarawa duk shekara. Saiwar tana nan tun tuni a ƙasa, raino kawai take jira, kuma mai gona ya yarda ya yi shi don ya san itacen nasa ne.

Yanzu ga shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, jihohi 11 na Arewa suna ciki. Ina yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya. Roƙona ga yaranmu da ke cikin aikin, kada ku ƙirga dashe a Satumba lokacin da komai kore ne. Ku koma a watan Mayu, kafin ruwan fari, ku bi layi na goma-goma kuna ƙirga masu rai, ku rubuta abin da ya kashe sauran, wuta ce ko gara ko akuya ko ƙishi. Wannan takardar ita za ku ɗora a kan teburin mai sa hannu tun kafin Satumba ta zagayo.

Zancen gidan Inna sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.