Wata 16 Ina Bin Takardar Tiyatar Rage Ƙiba

Ina da shekara 43 na fara sallah a kan kujera. In na yi sujada gwiwoyina ba sa iya tashi da ni, in na yi ruku'u numfashi ya riƙa sarƙewa. A masallacinmu na nan Ohio sahun kujeru na dattawa ne, sai ga ni a tsakiyarsu. Wannan ya fi ci mini rai a kan duk wani sakamakon gwaji da likita ya taɓa karanta mini.

Na zo Amurka a 2003, na shiga sojan ƙasa a 2005 ina tuƙa manyan motoci, na je Iraƙi, na bar aiki a 2013 da ciwon baya da na gwiwa. Motsa jikin da aikin soja ke tilasta wa mutum ya tsaya, jiki ya yi ta hawa har na kai kilo 128, tsawona kuwa mita 1.75. A ma'aunin BMI, wanda ke gwada nauyi da tsawo, na kusa 42. Ga ciwon sukari, ga hawan jini, ga numfashi da ke ɗauke mini cikin barci. In muka yi wayar bidiyo da 'yan'uwa a Kano sai su ce, "Yaya, lallai Amurka ta karɓe ka." Da zuciya ɗaya suke faɗa, domin a wurinmu ƙiba alamar hutu ce. Ni kaɗai da matata muka san yadda nake kwana.

A watan Satumba na 2022 likitar da ke duba ni a asibitin Ma'aikatar Tsoffin Sojoji, wadda kowa ke kira VA, ta kawo maganar tiyata. Na daɗe da rajista da su, da takardar sallama daga soja ta DD-214 da fom ɗin 10-10EZ. An ƙiyasta naƙasata a kan kashi 60 cikin ɗari, kuma wanda ya kai kashi 50 yana rukunin farko, ba ya biyan wani kaso na kuɗin magani. Wani abu da ya daɗe yana ruɗa ni shi ne ita ƙiba kanta ba a lissafa ta cikin naƙasar da ake biyan diyya a kai, sai na ɗauka ba za su ɗauki nauyin tiyatarta ba. Ashe maganar diyya daban, ta jinya daban. Muddin kana cikin rajista, ana yi maka maganin ciwon da bai shafi aikin soja ba. Shekara biyu wannan rashin sani ya hana ni ko tambaya.

Tsohuwar ƙa'idar da aka yi ta bi tun 1991 ita ce BMI 40, ko 35 in akwai ciwo irin sukari ko hawan jini. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sassauta ta. Ni ko da tsohuwar na cancanta, don haka na zaci wata biyu uku za a gama.

Aka fara tura ni shirin MOVE!, na koyar da cin abinci da motsa jiki. Da raini na shiga, ina ganin me za a koya wa tsohon soja game da atisaye. Daga baya na gane kowane zama da na halarta, kowane awo da aka rubuta, shi ne shaidar da likitocin tiyata za su duba su ga ko mutum zai iya riƙe doka bayan an yanka shi. Matsalata ɗaya ita ce takardunsu ba su san tuwo da miyar kuka ba. Sai na riƙa ɗaukar hoton kwanona ina nuna wa mai ba da shawarar abinci, muka zauna muka auna malmala da man da ke cikin miya. Ranar na san cewa man gyaɗan da ake zuba wa tukunya ɗaya a gidana ya isa na kwana uku.

Gwaje-gwaje suka biyo baya: na zuciya, na jini, kwana a ɗakin gwajin barci wanda ya sa aka ba ni injin CPAP mai taimaka wa numfashi cikin barci, da kyamarar da ake zurawa ta maƙogwaro a duba tumbi. Akwai kuma zama da likitan ƙwaƙwalwa, wanda na fi jin tsoro. Na yi niyyar ɓoye masa cewa ina tashi cikin dare in ci abinci in mafarkin Iraƙi ya farkar da ni. Matata ta ce, "Maigida, in ka ɓoye masa, wa ka cuta?" Na faɗa masa komai. Bai hana ni ba, ya dai haɗa ni da mai ba da shawara na 'yan watanni tukuna, kuma ina ganin wannan ya yi mini amfani daidai da wuƙar likita.

Inda na ja wa kaina jinkiri shi ne taba. Na ce na daina, alhali ina ɗan zuƙa ɗaya biyu a mota. Gwajin nikotin ya nuna, aka mayar da ni baya. Na ji zafi, amma hujjarsu gaskiya ce: taba na hana rauni warkewa, kuma tana jawo gyambo a wurin da aka ɗinke tumbi da hanji. Wata huɗu suka tafi a nan.

Ba kowane asibitin VA ke yin wannan tiyata ba, kuma wanda aka ce zan je tafiyar awa uku ce a mota. A nan dokar MISSION ta 2018 ta yi mini rana. A ƙarƙashinta, in asibitin ƙwararru ya fi tafiyar minti 60, ko jiran ganin likita ya wuce kwana 28, tsohon soja na iya cancantar a tura shi asibitin waje, wato wanda ba na VA ba, a biya masa. Sai dai ba kai za ka tashi ka tafi ba. Dole takardar izini ta fito tukuna, mai lamba, mai ranar farawa da ranar ƙarewa, da jerin abin da aka amince a yi. Duk abin da aka yi maka a wajen wannan takarda yana iya dawowa kanka.

Ni ma ya kusa dawowa kaina. Asibitin wajen ya ɗage mini wani gwajin zuciya, sabuwar ranar ta faɗa bayan izinin ya ƙare da mako guda, ba wanda ya lura, har ni. Sai ga takardar bashi a akwatin wasiƙata. Ban biya ba. Na ɗauki fayil ɗina na je ofishin da ke kula da jinyar waje, na kuma ga jami'in kare haƙƙin majinyata, wanda kowane babban asibitin VA ke da shi. Abin da ya fitar da ni shi ne saƙonnin da na rubuta ta shafin VA na intanet mai suna My HealtheVet, domin suna ɗauke da kwanan wata. Maganganun da muka yi ta waya ba wanda ya tuna su. Mako shida aka yi kafin a warware. Tun daga nan na manna kwafin izinin a jikin firiji, na zagaye ranar ƙarewarsa da jan biro, ina neman sabuntawa tun saura wata guda.

Da farko na so tiyatar silib, wadda ake cire kusan kashi 80 na tumbi. Kyamara ta nuna ƙwannafi ya riga ya ƙona mini maƙogwaro, silib kuwa na iya ƙara shi, sai likita ya ba da shawarar baifas, inda ake barin 'yar ƙaramar jaka a sama a haɗa ta da hanji. Ita ce kuma ta fi taimaka wa mai sukari. Mako biyu na yi ina shan abinci mai ruwa kawai don hanta ta rage girma. Aka yi aikin a watan Janairu na 2024, na kwana biyu a asibiti, ko sisi ban biya ba.

Azumi ya kama a watan Maris, ina shan ruwa ƙurɓi ƙurɓi duk yini don kada jiki ya bushe. Likita ya ce kada in ɗauka, limaminmu ya ce, "Malam, kai majinyaci ne, ka sha, ka rama in ka samu lafiya." Na yi kuka a daren farko. Da a ce na yi tunani tun da wuri, da na kawo maganar azumi lokacin da ake sa rana.

Yanzu kilo 92 nake. An tsayar da maganin sukarina, na hawan jini an rage. Ibuprofen da na dogara da shi shekara da shekaru saboda baya ya haramta gare ni, bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da kalsiyam kuma sun zama na kullum har iyakar rai. Ranar da na sha fura mai sukari sai da na kwanta ina gumi, zuciya na bugawa, ban ƙara ba. Wata biyar bayan tiyatar, a sallar asuba, na tura kujerar gefe na tsaya a sahun gaba. Goshina ya taɓa ƙasa, na tashi ba tare da na dafa kowa ba.