Inda aikin Hilux ɗina ya kwana: zaɓen giyar taimako

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon harkar gyaran mota. Mako shida ke nan Hilux ɗin tana ɗage a kan turaku a garejin maigidana a nan Gusau. An gama da inji, an sa kuloci sabo, abin da ya ci mini lokaci shi ne akwatin giyar taimako, wato wanda ke manne a bayan giyabos yana raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Burina bai canza ba: mota mai hawa dutse a hankali kamar hawainiya, ba tare da ana ƙona kuloci ba.

Na fara da lissafi, kuma ina roƙonku ku ma ku fara da shi kafin ku taɓa aljihu. Lambar rage gudu uku ake ninkawa: ta giya ta ɗaya, ta ƙaramar giyar taimako, da ta aksul. Giyabos ɗina W56 ne, giyarsa ta ɗaya 3.95. Akwatin Toyota na asali, RF1A, yana rage gudu da 2.28. Aksul ɗina 4.10. Idan aka ninka, ana samun kusan 37, ma'ana inji zai juya sau 37 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan ya isa laka da yashi da hanyar ƙauye lokacin damina. A kan dutse kuwa, da manyan tayoyi, motar za ta riƙa zabura, kai kuma ƙafarka tana kan kuloci har ka ji ƙauri.

Da farko zuciyata ta tafi kan kayan Amurka. Akwatin NP205 na ƙarfen zubi ne, haƙora zalla babu sarƙa, ya haura kilo 60, kuma an san shi da ƙin lalacewa. Sai dai ragewarsa 1.96 ce kawai, ƙasa da abin da nake da shi. Dana 300 na motocin Jeep CJ na 1980 zuwa 1986 ya fi shi a wannan fanni, 2.62, ga shi bai kai shi nauyi ba. Akwai kuma Atlas, wanda ake ƙerawa musamman don hawan dutse, amma kuɗinsa da dala ne, kafin a zo maganar jirgi da kwastan. Wanda ya fi jan hankalina kuwa ba na Amurka ba ne, shi ne LT230 na Land Rover, mai 3.32, domin tsofaffin Defender da Discovery ba su ɓace a ƙasar nan ba.

Da na kai wa maigidana takardar da na jera su, ya duba ya ce, "Duk na ji. To wanne ne zai shiga bayan giyabos ɗinka ba tare da an sassaƙa masa mahaɗi ba? In kuma boris ɗinsa ya mutu kana Ƙaura Namoda, wa zai sayar maka?" Na ce, "Oga, babu ko ɗaya." Nan maganar ta tsaya. Kowannensu sai an nemo farantin haɗi da sandar da za ta dace da haƙoran giyabos, kuma kuɗin wannan kaɗai yakan kai na akwatin. Toyota kuwa duk inda ka shiga wurin 'yan kwance, daga nan har Ƙofar Ruwa a Kano, za ka tarar da kayanta.

Ga inda na yi asara, ku kiyaye. Akwatin da ya zo da motar ya tsage a gindi, don haka na aika a sayo mini wani. Mai kayan ya tabbatar ta waya cewa mai haƙora ne. Da ya iso muka kwance murfin, sai ga sarƙa. Toyota ta yi iri biyu: RF1A mai haƙora, da VF1A mai sarƙa wanda ragewarsa 2.57 ce. Mai sarƙar ba shi da laifi a motar yau da kullum, amma ba shi ne ake yi wa ƙarin rage gudun da nake so ba. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, don kwana tara muka yi ana ja-in-ja kafin ya karɓi kayansa, kuɗin mota kuma bai dawo ba. Alhali alamar a fili take: a ƙirga kusoshin murfin baya. Bakwai mai haƙora ne, biyar mai sarƙa.

Na biyun da ƙafata na je. Na tsuguna na cire kuson juye mai, na tara tafin hannu. Man ya fito baƙi amma babu ruwa a ciki, kuma da na murza shi tsakanin yatsu ban ji tsakuwar ƙarfe ba, sai ɗan laushin toka. Na kama bakin da farfela, wato sandar da ke kai ƙarfi zuwa aksul, ke ɗaurewa na girgiza sama da ƙasa, bai yi wasa ba. Na sa shi a kowace giya na juya da hannu ina saurare. Sannan na ɗauki alli na yi wa haƙori ɗaya na sandar shiga, wato wadda ke haɗuwa da giyabos, alama, na ƙirga har sau biyu: 21. Wannan ƙirga ba ta da makawa, domin akwai mai 23 da ya zo da giyabos R151F, kuma ba zai shiga nawa ba.

Yanzu an wanke shi da kananzir, mun canza oyil sil duka da boris biyu, mun zuba man giya 80W-90 wajen lita ɗaya da rabi. Jiya ya hau mota.

Saura batun rage gudun. Hanya biyu ce. Ko a sayo haƙoran 4.7 irin na kamfanin Marlin Crawler ko Trail-Gear a sa a ciki, lissafin ya koma kusan 76. Ko a jera akwati biyu, 2.28 sau 2.28, ya kai kusan 84. Ni na karkata ga ta biyu. Dalilina shi ne rabin gaban tsohon akwatina, inda giyar ragewa take, lafiyarsa ƙalau, farantin haɗi kawai zan saya. Kuma zan samu zaɓi: 37 a yashi, 84 a dutse. Wahalarta ita ce tsawon da za a ƙara, wajen inci shida da rabi, don haka sai mai walda ya rage farfelar baya, ya ƙara ta gaba, a kuma matsar da ƙarfen da ke tallafe akwatin. Wannan sai bayan girbi in Allah ya hore.

Kafin nan, ranar Asabar in sha Allahu za mu sauke ta mu gwada da akwati ɗaya a kan fale-falen duwatsun da ke gefen Kwatarkwashi, da rana, mu dawo kafin la'asar. A kan kwalta taya biyu zan bar ta, don irin wannan akwati ba ya raba gudu tsakanin gaba da baya, yana ɗaurewa ne. Wanda a cikinku ya taɓa jera akwati biyu, ina son ya gaya mini yadda ya yi da sandar giya ta biyu a cikin gidan direba, don har yanzu ban yanke inda zan huda ƙasan motar ba.