Da hannuna na buɗe wa ɓarawo ƙofa

Ina da ɗan shago a Nima, a nan Accra, inda nake buga wa mutane takardu da cike musu fom a intanet. Wata Talata wani da ban sani ba ya turo saƙo ta WhatsApp, wai in buɗe wani adireshi in buga masa takardarsa, yana hanya. Da na buɗe, shafin ya ce sai na tabbatar ni mutum ne: in danna maɓallin Windows da R, sannan Ctrl da V, sannan Enter. Mutane na jira, hankalina a rabe, na danna. Takarda ba ta fito ba, mutumin ma bai zo ba.

Bayan kwana biyu ƙanwata ta kira daga Kumasi: "Yaya, lafiya kake neman sidi 500 ta MoMo?" Ni kuwa ban nemi ko sisi ba. Wani ne ke roƙo da sunana a Facebook.

Mai gyaran kwamfuta a unguwar Circle, a nan Accra, ne ya warware min. "Maigida, shafin ya riga ya ajiye maka umarni a ɓoye, kai ka liƙa shi, ka ba kwamfuta izinin saukar da manhajar sata." Irin su Lumma, in ji shi, wadda Microsoft ya ce ta kama kwamfutoci sama da 394,000 cikin wata biyu a 2025. Tana kwashe duk kalmomin sirrin da aka adana a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, har da ɗan bayanin da ke sa shafi ya gane ka riga ka shiga. Shi ya sa ɓarawon bai buƙaci lambar da ake turowa wayata ba.

Kuskurena na biyu: na sauya kalmar sirri a kan kwamfutar da ta kamu, wato na miƙa musu sabuwa. Sai da muka goge komai, aka sake zuba Windows, na sauya kowace daga wayata, na fitar da duk na'urorin da ke cikin asusuna, na kuma kai rahoto ta 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana.

Abin da ya fi damuna amanar mutane ce. Kwastomomi da yawa sun buɗe imel ɗinsu a kwamfutar nan. Ɗaya bayan ɗaya na bi su ina ba da haƙuri. Wata hajiya ba ta karanta boko, sai da na jira jikanta ya dawo daga makaranta muka sauya tata tare.